Rossi ko Marquez, waye sarkin tseren babur na gaskiya?

Abban Hanifa: Salam jama'ar gida. Tun ranar da Marc Marquez ya ɗau kofin 2025 na MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, a Motegi ta Japan nake ganin yaran nan suna ta rubuta wai shikenan an gama magana, kofin duniya tara da tara, ya kamo Valentino Rossi. Na yi shiru na yi shiru amma yau dai sai na faɗi abin da ke raina. Ni ba na raina Marquez, wallahi yaron namiji ne, amma lissafin kofi ba shi ne duka labarin ba. Ku gaya min mutum ɗaya a zamanin nan da ya bar babur mafi kyau a duniya da kansa, yana tsaka da cin kofi, ya koma kan wanda ko tsere ɗaya bai ci ba a shekarar da ta gabata, kuma ranar farko da ya hau ya cinye. Rossi ya yi wannan a 2004. Daga nan nake so mu fara.

Ɗan Maraɗi 93: Wa alaikumus salam. Yaya Abba ka yi hanƙuri amma kullum 2004 ɗin nan kuke kawowa kamar bayan ta ba a sake tsere ba. Marquez ya shigo MotoGP a 2013 yana ɗan shekara 20 ya ɗau kofi a shekararsa ta farko, Rossi yana cikin fili yana kallo. 2014 ya ci tsere goma na farko a jere, goma fa, ba wanda ya sha gabansa. Shi Rossi shekararsa ta farko a babban aji na biyu ya zo.

Nazifi: Don Allah yayyena ku bi da mu a hankali, ni ban fi wata uku da fara kallon abin nan ba. Meye ya faru a 2004 ɗin? kuma kofi taran nan duk na MotoGP ne?

Abban Hanifa: Yawwa ƙanena, zauna ka ji. Rossi ɗan Italiya ne, an haife shi 1979, ya tashi a wani ƙaramin gari Tavullia. Babansa Graziano shi ma ɗan tsere ne, lamba 46 ɗin nan da kake gani ko ina ta baban ce ya gada, kuma har ya yi ritaya bai taɓa canza ta ba, ko a shekarun da yake da ikon liƙa lamba 1 ta zakara. Ya fara a ƙaramin aji na 125cc a 1996 da Aprilia, 1997 ya ɗau kofin, 1999 ya ɗau na 250cc, sai Honda suka ɗauke shi zuwa babban aji. 2001 ya ci kofin 500cc, shi ne ma na ƙarshe da ya ci shi kafin a canza zuwa MotoGP, 2002 da 2003 ya sake ci. To a lokacin sai magana ta fara yawo cewa ai ba shi ba ne babur ne, wai RC211V ɗin Honda ko wa ka ɗora a kai zai ci, kuma su kansu mutanen kamfanin yadda suke ɗaukar abin kenan, injinsu ne a gaba ba mutumin da ke kai ba. Abin ya ci masa rai. Sai ya tattara ya koma Yamaha, waɗanda rabonsu da kofin babban aji tun 1992 zamanin Wayne Rainey, kuma a 2003 gaba ɗaya ba su ci tsere ko ɗaya ba. Honda suka hana shi ko taɓa sabon babur ɗin sai da kwantiraginsa ya ƙare ƙarshen Disamba, wato an rage masa lokacin gwaji. Tseren farko na 2004 a nan nahiyarmu aka yi shi, Welkom ta Afirka ta Kudu, shi da Max Biaggi babban abokin gabarsa wanda ke kan Honda suka yi ta musayar gaba tun daga farko har ƙarshe, Rossi ya tsallake layi da tazarar da ba ta kai rabin daƙiƙa ba. Na kalli tseren nan a falon wani kawuna mai dish ina saurayi, har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Shekarar ya ɗau kofi, 2005 ya ƙara, sai 2008 da 2009. Bakwai a babban aji, biyu a ƙanana.

Sani Bakanike: Bari in sa baki a nan tunda harkar ƙarfe ce. Oga Abba gaskiya ka faɗa amma ka bar wani abu, Rossi ba shi kaɗai ya tafi ba, ya tafi da shugaban makanikansa Jeremy Burgess ɗan Ostireliya da kusan duk yaran garejin. Burgess ɗin nan shi ya yi aiki da Mick Doohan lokacin da ya ci kofi biyar a jere, ba ƙaramin kai ba ne. Sannan a Yamaha akwai injiniya Masao Furusawa da ya kawo injina kala-kala aka ba Rossi ya gwada, sai ya zaɓi wanda bai fi sauran ƙarfi ba amma ya fi laushi in ka murɗa totur a fitowa daga kwana. Nan ne ni nake sara masa. Mu a gareji mun san bambancin mai mashin da zai zo ya ce maka "oga duba min ba ya daɗi" da wanda zai ce maka "in na taka birki gaba na rawa, in na saki yana ja hagu". Na biyun nan rabin aikin ya yi maka. Rossi irin na biyun ne, jikinsa na jin abin da taya ke yi kuma bakinsa ya iya faɗa wa makanike. Ba gudu kaɗai ba ne.

Ɗan Maraɗi 93: To madalla Oga Sani, in haka ne me ya hana jikin nasa ya ji Ducati? Ya tafi can 2011 da Burgess ɗin dai da yaran garejin dai, shekara biyu cur bai ci tsere ko guda ba, sau uku kacal ya shiga ukun farko. Moton da Casey Stoner ya ɗau kofi da shi a 2007, kuma har 2010 yana cin tsere a kansa. Wannan fa ku amsa min, kar a tsallake.

Abban Hanifa: Ba zan tsallake ba. Ducati ta kayar da shi, wannan gaskiya ce kuma ta yi mana ciwo. Ɗan Italiya a kan babur ɗin Italiya, kowa ya sa rai, abin ya ƙi. Amma ka duba, bayan tafiyar Stoner Ducati ba su sake cin tsere ba sai 2016 a Ostiriya da Andrea Iannone, sai da suka kawo Gigi Dall'Igna ya sake fasalin komai. Kenan matsalar ba Rossi ba ce, Stoner ne kawai Allah ya ba wata baiwa ta hawan wannan dokin mai taurin kai.

Sani Bakanike: Gaban babur ɗin ne ba ya magana. Rossi salon tuƙinsa a kan tayar gaba yake, yana shiga kwana da birki a hannu yana jin yadda tayar ke kama kwalta, ita kuma Ducati ta lokacin ba ta gaya maka komai sai dai kawai ka ji ka a ƙasa. Stoner shi da baya yake juya babur, ya taso a tseren ƙasa mai zamewa a Ostireliya tun yana yaro. Sun canza firam har sun koma na alminiyom duk don Rossi, bai yi ba.

Ɗan Maraɗi 93: Ai kun ga kenan. In ya ci ku ce shi ne, in ya faɗi ku ce moto ne. Marquez ya karya hannun dama a Jerez 2020, an yi mai aiki har sau huɗu, na huɗun sai da aka sake yanke ƙashin aka juya shi, ga matsalar ido yana ganin abu biyu-biyu, likitoci da iyali kowa na tunanin ya haƙura. Ya bar Honda da sauran shekara a kwantiraginsa da kuɗi masu yawa ya koma ƙaramar ƙungiyar Gresini a 2024 kan moton bara, don kawai ya gane ko har yanzu yana iyawa. 2025 ya ɗau kofi, shekara shida bayan na ƙarshe. In wannan ba jarumta ba ce ku gaya min sunanta.

Abban Hanifa: Jarumta ce, ban musa ba, ranar Motegi da na ga yana kuka ni ma jikina ya yi sanyi. Amma ka lura da alƙiblar tafiyar. Marquez ya bar babur da ya lalace ya koma Ducati wadda ita ce ta fi kowa a lokacin. Rossi ya bar wanda ya fi kowa ya koma wanda ya lalace. Ba ɗaya ba ne ɗan'uwa.

Malam Garba Tsohon Direba: Yara kuna ta gardama kamar da ku aka fara duniya. Giacomo Agostini kofi 15 gare shi, tsere 122 ya ci, Rossi 115 ya tsaya. Kuma abin da kuke yabon Rossi da shi Agostini ya riga shi, ya bar MV Agusta bayan shekaru yana cin kofi da su ya koma Yamaha, 1975 ya ba su kofinsu na farko a 500cc. A zamaninsu kuma kan titin gari ake yin wasu tserukan, ga bango ga itace ga turakun waya, irin na tsibirin Isle of Man, wanda shi Agostini ya ci sau goma kafin ya ce ba zai ƙara zuwa ba bayan abokinsa Gilberto Parlotti ya mutu a can a 1972.

Abban Hanifa: Allah ya ƙara girma Baba, ba mai ja da Agostini. Sai dai shekaru da dama MV Agusta ba ta da abokin karawa na kirki bayan kamfanonin Japan sun janye, kuma a rana ɗaya yakan yi tsere biyu, 350 da 500, shi ya sa lissafin ya yi yawa. A babban aji kaɗai Rossi 89 gare shi.

Malam Garba Tsohon Direba: Na yarda da wannan. Ni dai na ce a riƙa tunawa da na gaba.

Maman Sultan: Assalamu alaikum, ni maigidana ne ya koya min kallon abin nan har na fi shi zaƙewa. Kuna ta maganar kofi, ni abin da ya sa nake girmama Rossi daban ne. Ranar 23 ga Oktoba 2011 a Sepang ta Malesiya, Marco Simoncelli mai lamba 58, yaro ɗan shekara 24 mai tulin gashi, wanda Rossi ya ɗauka kamar ƙaninsa suna atisaye tare, tayarsa ta zame a zagaye na biyu, maimakon babur ɗin ya yi waje sai ya dawo da shi tsakiyar hanya, Colin Edwards da Rossi suna tafe ba yadda za su yi, suka buge shi har hular kwanonsa ta fita. Bai tashi ba. Ku yi tunanin mutum ya wayi gari da wannan a zuciyarsa. Mutane da yawa sun ɗauka zai ajiye, ga shi lokacin yana cikin wahalar Ducati. Bai ajiye ba, kuma bayan 'yan shekaru ya buɗe makarantar VR46 yana tara yaran Italiya a gonarsa ta Tavullia inda ya yi filin tseren ƙasa, yana hawa tare da su, yana nema musu ƙungiya. Franco Morbidelli daga can ya fito ya ci Moto2, ajin da ke ƙasa da MotoGP, a 2017, Pecco Bagnaia ya ci a 2018 sannan ya ɗau MotoGP 2022 da 2023, ga Marco Bezzecchi, ga ƙaninsa Luca Marini da suke uwa ɗaya. Kofin da shi ya kasa kawo wa Ducati yaronsa ne ya kawo musu, na farko tun na Stoner. Wane zakara ne ya bar irin wannan a bayansa?

Nazifi: Innalillahi, ban san wannan ba Hajiya. Shi ya sa filin Misano ake kiransa da sunan Simoncelli kenan.

Maman Sultan: Shi ya sa. Kuma shi kansa Rossi saura ƙiris a 2020 a Ostiriya, baburan Morbidelli da Zarco suka yi karo suka taso sama ba kowa a kai, ɗaya ya gifta ta gabansa kamar walƙiya, shi da abokin ƙungiyarsa Viñales. Na ga fuskarsa da ya koma gareji ya cire hula ya dafe kai. Aka sake tada tseren ya hau ya fita, yana da shekara 41.

Ɗan Maraɗi 93: Hajiya wannan duk na yarda, Allah ya sani ban taɓa cewa ba shi da kirki ga yaransa ba. Amma tunda an zo maganar hali sai a faɗi 2015, wanda Yaya Abba ke ta kewayewa.

Abban Hanifa: Ban kewaye ba jira nake ka kawo ta. An yi wa Rossi fashin kofi na goma, iyakar abin da zan ce kenan.

Ɗan Maraɗi 93: Wa ya yi mai fashi? Shi da bakinsa ranar Alhamis a Sepang gaban 'yan jarida ya ce wai Marquez na taimakon Jorge Lorenzo, wanda suke takarar kofin da shi, a tseren Phillip Island. Tseren da Marquez ya sha gaban Lorenzo a zagayen ƙarshe ya cinye, ya rage wa Lorenzo maki biyar! wane irin taimako ne wannan? Yaron da ya taso da hoton Rossi a ɗakinsa ka tsaya gaban duniya ka kira shi maci amana, me kake jira ya yi ranar Lahadi? Sannan a kwana ta 14 kowa ya gani, Rossi ya rage gudu ya waiga ya kalle shi ya matse shi waje har ya faɗi.

Abban Hanifa: Kowa kuma ya ga abin da ya faru kafin kwana ta 14. Marquez ba ya cikin neman kofi a shekarar, ya bar Lorenzo ya wuce salin alin, sannan ya tsaya yana yanka gaban Rossi kwana bayan kwana tun tsere bai yi nisa ba kamar zagayen ƙarshe ake, Pedrosa da Lorenzo suna ta yin nisa. Shi kansa shugaban alƙalan tseren Mike Webb ya ce sun yi imani da gangan Marquez ke ɓata wa Rossi gudu, kawai dai ba dokar da ta hana. Aka ba Rossi makin hukunci uku, ga ɗaya da yake da shi tun Misano, huɗu kenan, aka mayar da shi layin ƙarshe a Valencia, tseren ƙarshe na shekarar. Ya taso daga can baya ya wuce mutum sama da ashirin ya ƙare na huɗu. A gaba kuma Marquez na manne da Lorenzo tun daga farko har tuta bai gwada wuce shi ko sau ɗaya ba, mutumin da aka sani ko ramin allura ya gani sai ya cusa kai. Lorenzo maki 330, Rossi 325 aka tashi. Mutum ɗan shekara 36 ya jagoranci teburi kusan duk shekara a zo a ƙare haka, haba.

Sani Bakanike: Ni masoyin Rossi ne amma maganar Alhamis ɗin nan kuskure ce Oga Abba, mu faɗi gaskiya. Da can wannan dabarar ta yi masa aiki, ya rikita Biaggi da ita ya rikita Sete Gibernau, har Stoner a Laguna Seca 2008 da ya bi ta cikin ƙasa a gangaren Corkscrew ya wuce shi, sai da Stoner ya fusata ya yi kuskure ya faɗi. Sai ya haɗu da yaron da in ka tsokane shi ƙara hawa yake. Yana gaba da maki 11 kafin Sepang, da ya ja bakinsa ya bi Lorenzo a baya kawai wataƙila da yanzu goma muke ƙirgawa. Tsautsayi ne da ya jawo da hannunsa, duk da shi ma Marquez bai kyauta ba.

Abban Hanifa: Wannan ta shige ni Oga Sani. Na daɗe ina gaya wa kaina haka amma ba na son ji daga bakin wani. Ko 2006 ma ai shi ya faɗi da kansa a Valencia Nicky Hayden ya ɗauka, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Ta 2015 ce dai ta ƙi wuce min.

Admin: Jama'a muhawara ta yi daɗi, a ci gaba a haka ba zagi. Na goge saƙo biyu na wani da ya shigo da ashar.

Nazifi: To yaushe ya daina? kuma yanzu me yake yi

Maman Sultan: Tseren ƙarshe da ya ci Assen ta Holan 2017, shekara 21 kusan tsakaninsa da na farkonsa a Brno 1996. Ya yi sallama a Valencia Nuwamba 2021 yana da shekara 42, ya ƙare na goma, duk 'yan tseren suka tsaya suka kewaye shi. An ajiye lamba 46 a MotoGP ba mai sake ɗauka. Yanzu tseren mota yake yi da BMW, ƙungiyarsa ta VR46 kuma tana nan a MotoGP da baburan Ducati.

Ɗan Maraɗi 93: Ni dai ina nan kan bakana, a kan gudu zalla a zagaye ɗaya ba a taɓa yin kamar Marquez ba, ku je ku kalli yadda yake tada moto da gwiwar hannu bayan tayar gaba ta riga ta tafi. Amma Welkom 2004 na ba ku, ban da amsarta.

Nazifi: Yaya Abba na je YouTube na kalli Welkom ɗin yanzun nan, kai! Biaggi ya so ya kashe kansa a zagayen ƙarshe amma ina. Abin da ban gane ba, bayan an gama ya tsaya gefen hanya ya jingine babur ɗin ya zauna a ƙasa kusa da shi ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, kuka yake?

Abban Hanifa: Mu ma a falon kawu haka muka ɗauka, har matar kawun tana cewa Allah sarki yaro. Daga baya shi da kansa ya ce dariya yake yi a cikin hular. Koma ka ƙarasa bidiyon, za ka ga ya tashi ya sumbaci gaban babur ɗin kafin ya hau.